Kwana 29 ko Kwana 34: Nazarin Wata Taƙaddamar Inshorar Rai

Wasiƙar ta iso wata 4 bayan rasuwar mijin. Shafi biyu ce, an maƙala mata cek a baya. Sakin layi na farko ta'aziyya ce, na biyu kuma ya shiga zance kai tsaye: kamfanin ya gama bincike, ya gano cewa marigayin bai faɗi gaskiya kan lafiyarsa ba, don haka yarjejeniyar inshorar ransa ta ɓaci, ba za a biya kuɗin da ya tanadar wa iyalinsa ba. Cek ɗin na kuɗin zubin watanninsa na ƙarshe ne, an mayar wa matar. A ƙasan shafi na biyu akwai wani layi da ƙananan haruffa, wai karɓar wannan kuɗi na nufin magana ta ƙare tsakaninta da kamfanin.

Ba ta ga layin ba. Wanda ya yi wata huɗu yana jiran abu ɗaya ba ya karanta shafi na biyu, kalmar "ba za a biya ba" kawai yake gani, sauran duk hazo ne. Babban ɗanta, wanda ke shekarar ƙarshe a jami'a, shi ya juya takardar ya ce, "Umma, kar ki kai shi banki tukuna. Bari mu nuna wa wanda ya san kan abin." Wannan jinkirin shi ne abu na farko da ya ceci lamarin. A wurare da dama, wanda ya karɓi kuɗin da aka mayar masa bayan an gaya masa sharaɗin, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya amince da soke yarjejeniyar.

Sunayen mutanen ba za su ƙara komai ba a nan. Abin da ke da amfani shi ne jerin lokutan, domin a kansu aka yi rikicin baki ɗaya.

Mijin yana da shekara 46 lokacin da ya sayi inshorar ta hannun wakilin kamfanin. Wakilin ne ya riƙa karanto tambayoyin yana cike fom ɗin a kwamfuta, shi kuma yana amsawa. Ɗaya daga cikinsu ta ce: a cikin shekara 5 da suka wuce, ko likita ya taɓa tabbatar maka da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, ko ya ba ka maganinsu? Ya ce a'a. Yarjejeniyar ta fara aiki, kuɗi na fita daga katinsa kowane wata. A wata na 18 likita ya tabbatar masa da hawan jini, ya ɗora shi kan magani. A wata na 21 katin bankinsa ya daina aiki saboda wa'adinsa ya cika, zubin watan bai fita ba. Da ya farga, ya tura kuɗin da kansa. Kwanaki kaɗan bayan haka saƙo ya shigo wayarsa cewa yarjejeniyarsa ta faɗi, ga fom na farfaɗo da ita, tambaya uku kacal. Ta biyun tana tambayar ko lafiyarsa ta sauya tun daga ranar da ya fara inshorar. Ya danna a'a. A wata na 27 ciwon zuciya ya same shi, bai tashi ba.

Kamfanin ya kafa hujja biyu. Ta farko, a cikin bayanan asibiti ya tono wata ziyara da marigayin ya yi shekara 3 kafin ya sayi inshorar, ya je ne saboda ciwon baya, aka auna jininsa aka ga ya ɗan hau, aka rubuta ya dawo a sake aunawa. Kamfanin ya ce ya ɓoye wannan. Ta biyu, amsar da ya bayar a fom ɗin farfaɗowa ƙarya ce, tunda a lokacin ya riga ya yi wata 3 yana shan magani.

Lauyan da suka samu ya daɗe yana aikin inshora, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: wanda ya ƙware a shari'ar fili ko ta aure ba lallai ya san inda ake ɓoye tarko a takardar inshora ba. Zaman farko bai yi wa matar daɗi ba. Ta zo da niyyar wanke mijinta. Ta ce, "Barista, mijina ba maƙaryaci ba ne. Shekara 22 muna tare." Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Malama, na yarda da ke. Amma ba a halinsa za mu ci ko mu faɗi ba. Ki kawo min yarjejeniyar gaba ɗayanta, da bayanan asusunsa na banki, da wayarsa idan tana nan. Kuma daga yau duk wanda ya kira daga kamfanin, ki ce ya rubuto."

A ranar ya rubuta wa kamfanin, ba don ya yi gardama ba, don ya nemi takardu: fom ɗin farko yadda aka cike shi, fom ɗin farfaɗowa, littafin shigar kuɗi, duk saƙon gargaɗin da aka aika wa marigayin da ranakunsu, da ainihin shafukan asibitin da aka dogara da su. Ya mayar da cek ɗin tare da wasiƙar, ya rubuta cewa wadda yake karewa ba ta amince da sokewar ba.

Hujjar farko ba ta ja dogon zango ba. A cikin yarjejeniyar akwai sakin layin da kusan kowace inshorar rai ke ɗauke da irinsa: idan ta yi shekara 2 tana aiki mai ita na raye, kamfani ba zai dawo ya ƙalubalance ta ba saboda abin da aka rubuta a fom ɗin farko. Yawancin jihohin Amurka sun wajabta wannan sharaɗi da doka. A Indiya, sashe na 45 na dokar inshora, bayan gyaran da aka yi masa a 2015, ya sa wa'adin shekara 3 ne, bayansa kuma ba a taɓa yarjejeniyar bisa kowane dalili. Hikimar a fili take. Mai inshorar rai ba ya nan ranar da ake neman kuɗin, ba zai iya tashi ya ce ga abin da nake nufi da amsata ba. Don haka aka ba kamfani lokaci ya yi duk binciken da zai yi, idan lokacin ya wuce ƙofa ta rufu. Akwai wuraren da suka bar kafa ga zamba tsagwaronta, amma a nan babu wanda zai iya kiran abin zamba. Wata 27 ya wuce wata 24. Ko da ma wa'adin bai cika ba, tambayar cewa ta yi ko likita ya tabbatar ko ya ba da magani. Awo ɗaya da aka yi wa mai ciwon baya yana cikin raɗaɗi ba tabbatarwa ba ce, kuma ba a rubuta masa ko ƙwaya ɗaya ba. An tambaye shi abu, ya amsa abin da aka tambaye shi. Ƙa'idar kotuna ce tun da daɗewa cewa idan lafazin yarjejeniya na iya ɗaukar ma'ana biyu, ana fassara shi ne a kan wanda ya rubuta shi, kuma kamfanin ne ya rubuta.

To me ya sa kamfanin ya saka hujjar da ya san ba za ta tsaya ba? A ganina don ta yi wa ta biyun rakiya ne. Ƙarya ɗaya tana iya zama kuskure, biyu kuwa suna kama da hali. Mai karanta wasiƙar zai fita da hoton mutumin da ya saba ɓoye-ɓoye, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Hujja ta biyu gaskiya ce, kuma lauyan bai ɓoye wa matar ba. Mijinta ya san yana shan maganin hawan jini ranar da ya danna a'a. Ko sauri yake yi, ko ya ɗauka hawan jinin da magani ya daidaita ba sauyin lafiya ba ne, ko tsoro ya ji kada a ƙara masa kuɗi, babu mai iya tambayarsa yanzu. Farfaɗo da yarjejeniyar da ta faɗi yakan buɗe sabon wa'adin bincike a kan amsoshin da aka bayar a fom ɗin farfaɗowar. Wata 6 kacal tsakanin fom ɗin da rasuwar, kuma cutar da ya ɓoye tana da alaƙa da wadda ta yi ajalinsa. Idan fom ɗin nan ya tsaya, matar ta faɗi, ko aƙalla abin da za ta samu ya ragu ƙwarai.

Inshora an gina ta ne a kan gaskiya tsakanin ɓangarori biyu, kuma haka abin yake ko a tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, inda shi ma ake cike fom ana amsa tambayoyin lafiya. Masana shari'a sukan mayar da tushen wannan ƙa'ida ga wata shari'a da aka yi a Ingila a 1766, Carter da Boehm, kan inshorar wani sansani a tsibirin Sumatra da Faransawa suka ƙwace. Alƙalin, Lord Mansfield, ya ce mai neman inshora ne ya fi sanin halin da yake ciki, don haka bai halatta ya ɓoye abin da zai sauya lissafin mai ɗaukar kasadar ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne ya ce nauyin gaskiyar yana kan ɓangarorin biyu, kuma a ƙarshe mai bayar da inshorar ne ya faɗi a shari'ar. Tsohuwar dokar Birtaniya ta yi tsauri ga talaka, har aka sassauta ta da wata doka ta 2012 da ta fara aiki a 2013. Yanzu a can ana duba ko da gangan mutum ya yi ƙarya ko sakaci ne. Idan ganganci ne kamfani na iya soke komai. Idan sakaci ne, sai a tambayi abin da kamfanin zai yi da an gaya masa gaskiya: in da zai ninka kuɗin zubi ne, sai ya biya rabin abin da aka yi alkawari. Ba kowace ƙasa ke da wannan sassaucin ba.

Lauyan bai ɓata lokaci wajen kare amsar marigayin ba. Tambayar da ya yi ita ce: me ya sa ma aka ba shi fom ɗin tun farko? Ba a farfaɗo da abin da bai mutu ba. Yarjejeniyar ta ba da kwana 31 na ɗaga ƙafa bayan ranar biya, kuma ta ce a cikin waɗannan kwanaki inshorar na nan daram. Littafin kamfanin ya nuna an shigar da kuɗin a kwana na 34. Na'urar kamfanin, wadda ba ta san komai ba sai lissafi, ta ga kwana na 32 ya yi babu kuɗi, ta rubuta cewa yarjejeniyar ta faɗi, ta tura fom.

Ɗan ne ya nemo abin da ya juya lamarin. Ya zauna dare guda da wayar mahaifinsa, yana bin saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, cikin saƙonnin gaisuwa da na tallace-tallace, har ya kai ga na watan. Kuɗin ya fita daga asusun a kwana na 29, da misalin ƙarfe 4 na yamma. Lauyan ya nemi banki ya ba da shaida a rubuce, banki ya tabbatar cewa kuɗin ya sauka a asusun kamfanin washegari, kwana na 30. Abin da ya faru tsakanin 30 da 34 kuwa shi ne marigayin ya yi kuskuren lamba ɗaya wajen rubuta lambar yarjejeniyarsa, sai kuɗin ya zauna a asusun jiran tantancewa har wani ma'aikaci ya gano mai shi ya shigar.

A kan wannan lamba ɗaya aka yi wata 3 ana musayar wasiƙu. Kamfanin ya ce biya bai cika ba sai ranar da aka gane na wane ne, kuma kuskuren na marigayin ne. Lauyan ya ce yarjejeniyar cewa ta yi kuɗi ya isa hannun kamfani, ba ta ce sai an shigar da shi littafi ba, kuma sunan mai turowar yana jikin kuɗin tun kwana na 30. Ya ƙara da abu biyu. Na ɗaya, kamfanin ya kasa kawo shaidar cewa ya aika wa marigayin da gargaɗi a rubuce kafin ya ce yarjejeniyar ta faɗi, alhali yarjejeniyar ta yi alkawarin hakan. Dokoki na ɗaukar wannan gargaɗi da muhimmanci. A jihar Kalifoniya, alal misali, tun daga 2013 doka ta sa kwanakin ɗaga ƙafa su zama 60, kuma dole a yi gargaɗin kwana 30 kafin a rufe yarjejeniya, sannan a 2021 kotun ƙolin jihar ta ce wannan ya shafi har yarjejeniyoyin da suka riga dokar. Na biyu, kamfanin ya riƙe kuɗin nan na kwana na 30 bai mayar ba, ya ci gaba da karɓar na watannin da suka biyo baya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kamfanin ya yi tayi: rabin kuɗin, a rufe magana.

Nan ne lamarin ya fi yi wa matar nauyi, fiye ma da ranar wasiƙar farko. A lokacin an shiga wata na 9 da rasuwar, bashi ya fara taruwa, ƙanin mijin ya zo ya ce, "Yaya, da hanau gara mannau. Ki karɓa ki huta, mutanen nan sun fi mu lauyoyi." Ba wauta ya faɗa ba. Shari'a na cin shekaru, kuma kamfani ba ya gajiya da jira kamar yadda mai 'ya'ya a makaranta ke gajiya. Lauyan shi ma yana da tasa maslahar, tunda yarjejeniyarsu ita ce zai ɗauki kaso daga abin da aka samu, idan ba a samu ba babu abin da za ta biya shi. Irin wannan tsari ya zama ruwan dare a Amurka, inda kason yakan kai kusan kashi ɗaya bisa uku, wasu ƙasashen kuma sun taƙaita shi. Lauyan da ke son kuɗi da wuri zai ce mata ta karɓa. Wannan bai ce mata karɓi ko ƙi ba. Ya zana mata hanya biyu a takarda. Idan alƙali ya yarda an biya a kwana na 30, za ta samu duka da ƙarin jinkiri. Idan ya ce kwana na 34 ne, fom ɗin farfaɗowa zai tashi da ransa, kuma tana iya fita hannu rabbana. Ya ce a nasa kiyasin hujjarsu ta fi ƙarfi, amma kuɗin nata ne, kasadar ma tata ce.

Ta yi kwana 5 tana juya maganar, ta ƙi tayin.

Bai garzaya kotu ba. Ya fara kai ƙorafi ga hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, domin hanya ce mai sauƙi, kuma tana tilasta wa kamfani ya bayyana matsayinsa a rubuce ga wanda ke da iko a kansa. Ƙasashe da yawa na da irin wannan ƙofa, kuma mutane ba su cika saninta ba. A Birtaniya kamfani na da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe, daga nan mai ƙorafi na da wata 6 ya kai maganar ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi, kyauta, ba sai da lauya ba. Kowace hanya dai da agogonta. Da a ce inshorar ta wurin aiki ce a Amurka, da dokar ERISA ta 1974, wadda ke kula da tanade-tanaden da ake yi wa ma'aikata a wurin aiki, ce za ta yi hukunci, inda sai an fara ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, wa'adin na iya zama kwana 60 kacal, kuma sau da yawa kotu ba ta duba komai sai takardun da aka riga aka gabatar a wannan matakin. Wanda ya rubuta wasiƙar fushi ta layi uku a matsayin ɗaukaka ƙararsa, ya yi wa kansa illa tun kafin ya ga alƙali. Shi ya sa lauyan ya shirya takardar shigar da ƙara ya ajiye, yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin wa'adin kai ƙara ya ƙure, don kada a shagaltar da su da wasiƙu lokaci ya wuce.

Hukumar ta yi wa kamfanin tambaya ɗaya da lauyan ya yi wata da watanni yana yi ba a amsa ba: a kawo bayanin asusun jiran tantancewa na makon. Da bayanin ya fito, ga sunan marigayin a jikin kuɗin, ga ranar, kwana na 30. An kira zaman sulhu. Wakilin kamfanin bai ce sun yi kuskure ba, kuma takardar da aka sa wa hannu ta faɗi ƙarara cewa biyan ba amsa laifi ba ne. An biya kuɗin inshorar cikakke, da ƙarin jinkiri daga ranar da ya kamata a biya. Kuɗin lauya kuwa kamfanin ya ƙi ɗauka, daga cikin nata aka cire. An kai wata 15 da rasuwar kafin kuɗin ya shiga asusunta.

Ba zan ce kamfanin azzalumi ne tsantsa ba. Haƙƙinsa ne ya bincika, domin kuɗin da yake biya na sauran masu zubi ne, kuma amsar ƙarya tana nan a fom da hannun marigayin. Inda na ga laifinsa shi ne yana da bayanin asusun jiran a hannunsa tun ranar farko, ya bi bayanan asibiti na shekaru shafi-shafi, amma bai buɗe nasa littafin na mako guda ba sai da aka tilasta shi. Kuma da mutumin ya tura kuɗin bayan kwana 3, da wannan rubutun labarin wadda ta faɗi ne, da lauya ɗaya da hujjoji iri ɗaya.

Bayan an gama, matar ta roƙi lauyan ya sa kamfanin ya janye kalmar "bai faɗi gaskiya ba" daga wasiƙar farko. Ya rubuta musu sau biyu. Amsar da ta zo layi ɗaya ce, cewa an rufe fayil ɗin.